Shekarar da Na Goge Shuɗin Alhaji Sama'ila

Tirela biyu ta ɓararriyar gyaɗa, gumin manoman ƙauyuka tara, da sunana a bakin ƙofar wani kamfanin mai a Kano. Abin da na ɗora ke nan a kan rubutu guda ɗaya da bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Ku samarin da kuke zuwa rumfata ran kasuwar Ɗanbatta kuna cewa, "Baba Haruna, ba mu shafin nan mu riƙe maka, ai danne-danne ne kawai," ku gyara zama ku ji yadda danne-dannen ya taɓa tsayar da ni a bakin titi da kayan jama'a.

Ni dillalin gyaɗa ne, ba marubuci ba. Da dako na fara a wajen maigidana Alhaji Buba, Allah ya jiƙansa, na koma ɗinkin bakin buhu, daga nan ya miƙa mini ƙarfen soke buhu ya ce in koyi gane kaya. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙarfen nan, da tiya, da sikeli, da haƙori. Ka soka, ka zuba a tafi, ka shinshina, ka tauna. Idan ta yi ƙaras ta bushe, idan ta yi laɓas akwai ruwa a jikinta, idan ta yi ɗaci ka tofar ka ce wa mai ita Allah ya kawo kasuwa. Abu ɗaya da Alhaji Buba yake zare wa yaro ido a kai shi ne surutu a gaban mai saye. Yakan ce, "Idan mutum ya tsuguna a gaban buhunka, ko jirgi ne ya wuce a sama kada ka nuna masa. Idon da ya tashi daga kayanka a kan na maƙwabcinka zai sauka."

Da waya mai shafawa ta cika ƙauye sai na ga 'yan sari suna rigana zuwa kunnen manomi. Kafin in isa Bagwai da babur an riga an gaya wa mutane farashi ya faɗi, sun sayar a gona. Sai na ce bari ni ma in buɗe baki a intanet. Na je Bici wajen Malama Talatu, wadda take da shagon kwamfuta tana buga wa ɗalibai takardu, ta buɗe mini shafi ta kuma koya mini zuba rubutu a ciki. Da yatsa ɗaya nake bugawa har yau, kuma bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Farashin mako nake sawa, da labarin iri, da ranar da motata za ta bi ta kowane gari.

Ita ta nuna mini linki. Kalma ce a cikin rubutu da take rikiɗa ta yi shuɗi, in ka taɓa ta sai ta ɗauke ka ta kai ka wani shafin daban. Na ce, "Malama, wannan ai abin alheri ne. Nawa ake sawa?"

Ta ce, "Malam Haruna, ƙofa nawa ce a rumfarka?"

Na ce ɗaya.

Ta ce, "To kowane linki ƙofa ce. Ka sa inda ake neman shaida, in ka ce kamfani ya ce kaza, ka nuna inda ya faɗa. Ban da nan, ka yi hankali. Mutane sun fi iya fita a kan shiga."

Na riƙe maganarta wata da watanni. Wanda ya warware mini ita Alhaji Sama'ila Mai Taki ne, shugaban ƙungiyar manoman yankinmu, mutumin da in ya ce a kai wa wane gyaɗa, ƙauyuka huɗu ba sa tambayar dalili. Wani mako na rubuta cewa taki ya iso shagonsa, sai na sa linki a kan sunansa, yana kai mutum shafin da ɗansa ya buɗe masa. Washegari sai ga shi a rumfata da waya a hannu, fuska kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Haruna, ka ga sunana kuwa? Shi kaɗai ne shuɗi a duk rubutun. Har na hakimi baƙi ne."

Na ce, "Alhaji, ai hanya ce zuwa shagonka."

Ya ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka. Bana gyaɗar mutanena taka ce."

Ɗan kasuwar da aka ba shi ƙauyuka huɗu a kan launi ɗaya, in ya ƙi karɓa, a duba shi. Na karɓa.

Ba a yi kasuwa biyu ba labari ya zaga cewa Haruna yana shuɗa suna. Daga ranar kalmar linki ta mutu a yankinmu, sai shuɗi. Ma'ajin ƙungiya ya aiko a tambaye ni ko ya yi mini wani laifi ne. Mai injin ɓarar gyaɗa ya ce shi ma ai da shi ake yi. Wani dattijo da ko waya ba shi da ita ya zo da jikansa ya ce a shuɗa shi. Na ce, "Baba, in an taɓa sunan naka ina zai kai mutum? Ba ka da shafi." Ya ce, "Ya kai shi wajen bijimina." Haka aka yi. Na ɗauki hoton bijimin na ɗora, duk wanda ya taɓa sunan Baba sai ya ga sa yana tuƙa. Wani ya ce a kai mutane hotonsa na ranar da ya dawo daga Hajji. Wani ya yi ƙorafi wai shuɗin nasa bai kai na Alhaji Sama'ila turuwa ba, na rantse masa da girman Allah launi ɗaya ne, ya ce to a wayar ɗansa ya fi haske. Shi kuwa Alhaji da ya ga an yi yawa, sai ya ce nasa ya zama cikakke: Alhaji Sama'ila Mai Taki, Garkuwan Manoma, Uban Marayu, duka shuɗi, layi guda da rabi a fuskar waya.

Kuma kada ku yi dariya da wuri, abin ya yi mini aiki. Wanda ka shuɗa ba ya kai gyaɗarsa wani wuri, kunya ba za ta bar shi ba. Damina biyu ina sayen amana da launi, ban kashe ko sisi ba.

A shekara ta uku kamfanin man nan ya ba ni odar tirela biyu, da sharaɗi ɗaya: ba sa karɓar gyaɗar da fumfuna ya taɓa, don akwai dafin da yake bari a cikin ƙwaya wanda ido ba ya gani, su kuma suna da na'urar gwada shi. Maganin abin ba boyayye ba ne. Kada a tsiba gyaɗa da danshi a bar ta tana zufa, a shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, a tsince ruɓaɓɓu, kuma kada a yayyafa mata ruwa kafin ɓara, abin da mutanenmu suka saba yi don ɓawo ya yi laushi, nauyi kuma ya ɗan ƙaru. Na zauna na rubuta wannan duka dalla-dalla kafin a fara cira. Amma rubutu irin wannan ba ya fita ba gaisuwa. Na gaida shugaba, na gaida ma'aji, na gaida masu unguwanni, na ambaci wanda zai ba da aron tamfol da wanda zai kawo inji. Har cikin bayanin shanya na cusa sunaye, don kada wani ya ce an bar shi. Da na ƙirga, shuɗi talatin da bakwai. Rubutun ya fito kamar zanen da aka tsoma a marina aka fasa.

Na tura, aka yi ta yaba mini. Duk wanda na haɗu da shi sai ya ce, "Mun gani, Malam Haruna, Allah ya ƙara basira." Ni kuma na ɗauka sun karanta ne.

Da kaka ta yi na loda tirela biyu na nufi Kano. A bakin ƙofar kamfani wani saurayi mai farar riga ya soki buhu goma sha wani abu daga kowace mota, ya shiga da su ciki. Da ya fito ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, "Baba, kayanka ba su ci ba. Duka biyun." Na ce a sake gwadawa, ya ce na'ura ba ta san Alhaji ba. Direbobi suka ja motoci gefen titi suna jiran in gaya musu inda za a nufa. Gyaɗar nan a tiya-tiya ta ƙare, wadda ta tsira muka tsince muka sayar a kasuwanni, wadda ta yi baƙi aka zubar. Manajan sayen kaya, da yake ya san maigidana, ya ce zai ba ni dama ɗaya baɗi. In ta sake faɗuwa, kada in ƙara zuwa ko da gaisuwa.

Ban tsaya zargin kowa ba, na hau babur na tafi in ga inda rubutun ya mutu. A wani ƙauye bayan Bagwai akwai Yohanna, manomi ne, shi yake karanta wa mutanen unguwarsu shafina a gindin ɗorawa ranar Lahadi in sun taso daga coci, Musulmin unguwar ma nan suke zuwa su ji farashi. Ku da kuke karatu a kwance a kan katifa ba ku san wannan ba: a ƙauye waya ɗaya kunne ashirin take ciyarwa. Na ce, "Yohanna, karanta mini rubutun nan na shanya kamar yadda ka karanta musu."

Ya buɗe. Babban yatsan Yohanna ya kai faɗin cokali, duk kanta da faso, shekara da shekaru yana riƙe da ƙotar fartanya. Ya karanta layi uku, ya sa yatsa zai ja rubutun sama, sai ga Alhaji Sama'ila ya cika fuskar waya da babbar riga.

Wani daga cikin mazauna wurin ya ce, "Kai, wannan hular ai ta fi buhu guda."

Wani ya ce, "Aro ce, ta ƙaninsa ce."

Yohanna ya danna komawa baya. Sabis a garin sanda ɗaya ne, shi ma sai ka ɗaga hannu. Abin ya yi ta juyawa. Kafin rubutu ya dawo an gama shari'ar hular an shiga ta wanda ya ɗinka rigar. Ya ci gaba, layi biyu, ya sake ja, sai ga bijimi.

"A'a, ba wannan ne aka sayar da Babbar Salla ba?"

"Shi ne. Mahaucin ya ce duk ƙashi ne."

Na ce, "Yohanna, ran nan a ina kuka tsaya?"

Ya ce, "Malam Haruna, gaskiya a bijimin nan data ta ƙare. Amma mun ji daɗin rubutun ƙwarai."

Maganar yayyafa ruwa tana can ƙasa, shuɗi ashirin da wani abu tsakaninta da bijimi. Babu wanda ya taɓa isa wurin. Na bi ƙauyuka uku, labarin ɗaya ne, sai dai wurin faɗuwar ya bambanta. Wasu a hoton Hajji suka yada zango.

Da zafin abin na dawo na share linki kaf daga shafin, makonni ina sa farashi tsirara. Nan ma ban tsira ba. Aka fara cewa, "Wa ya faɗa? Haruna ne ya faɗa, kuma Haruna ne mai saye." Gaskiyarsu. Dillalin da ya yanka farashi ba shaida, ko ɗan'uwansa sai ya ɗaga gira. Na gane ba a rufe rumfa ruf don tsoron ɓarawo.

Sai na koma wajen Yohanna da sabon rubutun shanya kafin damina ta ja baya, na mai da yatsansa sikeli. Duk inda ya ɗora shi zai ja, in ya taɓa shuɗi, na goge wannan shuɗin. Muka yi ta yi har ya karanta daga sama zuwa ƙasa bai faɗa ko'ina ba. Uku suka rage. Ɗaya yana kai mutum sanarwar kamfani, don a san sharaɗin ba daga bakina ya fito ba. Ɗaya yana nuna hoton ƙwayar da ta kamu kusa da lafiyayya, don wannan ido ya fi baki iya faɗa. Na ukun yana can ƙarshe, jerin ranakun da mota za ta bi gari-gari. Babu ko ɗaya a sakin layin farko, babu a tsakiyar umarni, kuma kowanne a kan kalma biyu ko uku yake, a ƙarshen magana, inda mai karatu ya riga ya sauke numfashi. Kuna zuwa kuna ce mini kun karanta an ce a sa linki kaza a kowace kalma kaza. Wanda ya yanka muku wannan adadin bai taɓa ganin yatsan mai karanta muku ba, bai kuma san sandar sabis nawa ce a garinsu ba.

Saura sunaye. Su na kwashe gaba ɗaya na kai ƙasan rubutu, na yi musu kai na rubuta Gaisuwa, kowa da shuɗinsa, har bijimi, ko da yake ya riga mu gidan gaskiya. Kafin in tura na je na sami Alhaji Sama'ila a shagonsa, don irin wannan ba a bari mutum ya gani a waya.

Ya sa tabarau ya duba sama, bai ga kansa ba. Ya ja, ya ja, ya ja.

"Haruna, ina nake?"

"Kana nan, Alhaji, ci gaba kaɗan. Kai ne na farko a gaisuwa."

"A ƙasa? Ƙarƙashin fumfuna?"

"Alhaji, ai a taro ma manya ne suke rufe jawabi."

"Kada ka yi mini dillanci, ni ba buhu ba ne. Ko a ɗaurin aure ka taɓa ganina a bakin takalma? Ruɓaɓɓiyar gyaɗa ta samu shuɗi a tsakiyar rubutu, ni Garkuwan Manoma ina bayanta!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bara kana sama, tirela biyu suka kwana a titi. Mutane suna zuwa kanka sai su tsaya kallon hula."

Ya ce, "To laifina ne da Allah ya yi ni abin kallo?"

Na ce ba laifinsa ba ne.

Ya cire tabarau ya ninke. "Ka mayar da ni sama, ni kaɗai, sauran ka bar su a ƙasan. Shuɗi ɗaya ne zai kashe ka?"

A nan ne ciniki yake, kuma na auna shi a tsaye. In na mayar da shi, kafin Juma'a ma'aji zai zo, bayansa mai inji, bayansa jikan mai bijimi. Shuɗin Alhaji ba ɗaya ba ne, uban talatin da shida ne. In kuma na ƙi, ƙauyuka huɗu sun tafi. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Bana rubutun nan ba shi da sama."

Ya ce, "To gyaɗar mutanena ma bana ba ta da Haruna." Ya juya ya ci gaba da magana da mai sayen taki kamar na riga na fita.

Na tura rubutun haka. Abin da ban yi tsammani ba shi ne aikin da Gaisuwar nan ta yi. Kowa yana son ya ji an kira sunan nasu, suna kuma ƙasa. A gindin ɗorawa aka ce, "Yohanna, tsallake ka kai mu wajen sunaye." Ya ce, "Wallahi ba na tsallake, in na ja da ƙarfi wayar ƙamewa take yi. Ku yi shiru mu bi a hankali." Ko gaskiya ne ko dabara ce, ban tambaye shi ba. Haka suka ji tamfol, suka ji tsince ruɓaɓɓu, suka ji kada a yayyafa ruwa, wasu har sau uku, don duk wanda ya zo a makare sai ya ce a sake daga farko ya ji ko an sa kawunsa. Da na zaga lokacin shanya na ga tamfol a ƙofar gidajen da ban taɓa gani ba. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Kai ne mai hana yayyafi? To mun bari, amma ɓawon nan ya cinye mana yatsu."

Alhaji kuwa ya cika alkawari. Ya sa ɗansa ya buɗe masa shafin farashi nasa na kansa, na leƙa sau ɗaya na ga har bisimillar shuɗiya ce. Mutanensa suka kai gyaɗarsu inda ya nuna.

Daga ƙauyuka biyar ɗin da suka rage tirela ɗaya na iya haɗawa, ita ma sai da na cika da tawa gonar. Na je na gaya wa manaja gaskiya cewa rabin oda na kawo. Ya ce a gwada tukuna. Saurayin nan mai farar riga ya soka ya shiga ciki, ni kuma na tsaya ina tauna ƙwaya ɗaya har ta zama ruwa a bakina. Ya fito ya ɗaga wa mai gadi hannu ya ce, "Buɗe masa."

Ga lissafin, tunda ku masu son a taƙaita ne. Na goge shuɗi talatin da huɗu daga cikin rubutu. Na rasa tirela guda da ƙauyuka huɗu, biyu daga ciki sun dawo daga baya da kansu, biyu har yau ba su dawo ba. Ƙofar kamfani tana buɗe mini kowace kaka. Alhaji Sama'ila kuwa, in mun haɗu a jana'iza ko suna, yatsu biyu yake miƙo mini maimakon hannu, yana kallon wani wajen. Ina karɓa da hannu biyu in ce ranka ya daɗe, don a wajensa nake sayen taki har gobe, kuma bai taɓa rage mini ko naira ba.